Yadda Ake Haɗa Shirin Labaran Muhalli da Kiɗan Jaz Kai Tsaye a Gidan Rediyon Al'umma

Duk wanda ya taɓa karanta labaran muhalli a rediyo ya san inda gizo ke saƙar. Ka yi minti goma kana jero ambaliya, fari, hayaƙi da tulin shara, sai mai sauraro ya ji zuciyarsa ta yi nauyi, ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha. Kunne ma yana da iyakar kayan da zai iya ɗauka. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a shigo da makaɗan jaz cikin ɗakin watsa shiri, su buga kai tsaye tsakanin labari da labari, mai sauraro ya samu sararin juya abin da ya ji a ransa kafin a ɗora masa wani. Sharaɗin ɗaya ne: a ba kowane ɓangare haƙƙinsa. Ranar da kuka mayar da makaɗa abin cike gurbi, ko kuka mayar da labarai abin karantawa da sauri don a koma kiɗa, shirin ya mutu.

Rediyon al'umma da jaz tsofaffin abokan tafiya ne. A 1947 aka buɗe Rediyo Sutatenza a ƙasar Kolombiya don ilimantar da manoma, a 1949 kuma tashar KPFA ta fara aiki a Berkeley ta Amurka da gudummawar masu sauraro. Shi kuwa jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka rena a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, rediyo ce ta fitar da shi duniya. Daga 1927 ana jin ƙungiyar shahararren makaɗi Duke Ellington kai tsaye daga gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem a New York, kuma a 1936 ta rediyo aka gano makaɗin piyano Count Basie yana bugawa a Kansas City. Har yau tashar al'umma ta WWOZ, wadda ta fara watsa shirye-shirye a New Orleans a 1980, tana rayuwa a kan wannan gado.

Mataki na farko: ku zana agogon shirin

Kafin ku kira makaɗi ko ku rubuta labari, ku ɗauki takarda ku raba awa ɗaya minti-minti. Ga tsarin da ya dace da masu farawa. Minti biyu na farko makaɗa su buɗe da ɗan gajeren sauti wanda zai zama tambarin shirin, mai gabatarwa ya yi sallama a kansa, ya faɗi abin da ke tafe. Sai minti shida na gajerun labarai, huɗu ko biyar. Kiɗa na farko, minti shida. Babban rahoton mako, minti takwas zuwa goma. Kiɗa na biyu. Hira da baƙo, minti goma. Kiɗa na uku, tare da 'yar hira da shugaban makaɗa. Saƙonnin masu sauraro da sanarwa. Kiɗan rufewa.

Ku bar minti uku da ba a rubuta musu komai ba. Baƙo zai ja magana, makaɗi zai ji daɗin abin da yake yi ya ƙara, kuma waɗannan mintuna ne za su cece ku. Ku buga takardar nan kwafi huɗu: na mai gabatarwa, na furodusa, na injiniyan sauti, da na shugaban makaɗa.

Aƙalla mutum uku ake buƙata bayan makaɗa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gabatarwa ba zai iya karanta labari yana kuma kula da na'urar haɗa sauti mai makirufo takwas ba.

Mataki na biyu: tattara labaran da rubuta su

A nan ne aikin ya fi nauyi, kuma a nan gidajen rediyon sa-kai suka fi zamewa. Ku fara da abin da mai sauraronku ke gani da idonsa: kogin da launinsa ya canza, magudanar da ta toshe, bishiyoyin da aka sare, masana'antar da hayaƙinta ke shiga gidaje. Daga nan sai ku ɗaura shi da babban labarin duniya. Idan kuka juya tsarin, kuka fara da taron ƙasashe a wani birni mai nisa, mutum zai ji abin bai shafe shi ba.

Kowane labari ya samu madogara biyu da ba su jingina da juna ba. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ko hoton da aka ɗora a Facebook mafarin bincike ne kawai, har sai kun je wurin ko kun ji daga wanda ya je. Idan mazauna wani yanki sun zargi kamfani ko hukuma da gurɓata ruwa, ku nemi ɓangaren da ake zargi, ku ba shi isasshen lokacin amsawa, ku rubuta ranar da kuka tuntuɓe shi da hanyar da kuka bi. In ya ƙi magana, ku faɗa wa masu sauraro cewa kun nema bai amsa ba. Ƙaramar tasha ba ta da kuɗin shari'ar ɓata suna, kuma abin da ya fi kuɗi shi ne yardar jama'a, wadda in ta zube ba ta kwasuwa.

Don alƙaluman duniya, ku je tushe. Kwamitin masana sauyin yanayi na IPCC, wanda aka kafa a 1988, yana fitar da taƙaitattun rahotanni da ɗan jarida zai iya fahimta. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana fitar da rahoton shekara, kuma ita ce ta tabbatar da cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye bayanai. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sa burin tsayar da ƙaruwar zafin duniya ƙasa sosai da digiri 2, tare da ƙoƙarin kada ya wuce digiri 1.5. Iskar kabon dayoksaid da ke sararin samaniya ta kasance wajen kaso 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, yanzu ta haura 420, kuma tun 1958 ake auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawaii.

Amma kada ku zuba wa mutane waɗannan lambobi gaba ɗaya. Ƙa'idata ita ce lamba ɗaya a jimla ɗaya, kuma kowace lamba ta zo da abin kwatance. Ɗauki misalin ɓarɓashin ƙura da hayaƙi da ke yawo a iska, wanda ake kira PM2.5. In ka ce girmansa bai wuce maikuron 2.5 ba, ba ka faɗi komai ba ga mai tuƙa mota yana sauraro. Ka ce gashin kan mutum ya ninka shi kauri wajen sau talatin, shi ya sa yake ratsawa har can cikin huhu. Sannan ka ƙara da cewa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya, a tsawon yini guda. Sai ka faɗi abin da aka auna a yankinku, in akwai ma'auni. Yanzu lambar ta zama labari.

Wani wuri mai santsi shi ne kalmar yanayi, domin tana ɗaukar ma'ana biyu. Akwai yanayin yau da gobe, wato ko za a yi ruwa da yamma, akwai kuma halin da wuri ya saba da shi a tsawon lokaci, wanda masana ke aunawa da shekaru talatin. Ruwan sama mai ƙarfi guda ɗaya bai isa hujjar sauyin yanayi ba, sanyin mako guda kuma bai ƙaryata shi ba. Ku bambanta su a bakin makirufo duk lokacin da zancen ya taso.

Ku rubuta don kunne. Gajerun jimloli, mai aiki a gaba, aiki a bayansa. Ku karanta kowane labari da ƙarfi, agogo a hannu. Duk inda numfashi ya yanke muku, jimlar ta yi tsawo. Kuma a kowane mako ku nemo labari guda na abin da ya yi nasara. Akwai su. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ƙasashe sun daina amfani da sinadaran da ke cinye rufin ozon, wato iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, kuma rufin yana farfaɗowa. A ƙananan matakai ma akwai unguwar da ta gyara rafinta ko makarantar da ta raya bishiyoyinta. Mutanen da ba su taɓa jin an ci nasara ba, ba za su tashi yin komai ba.

Mataki na uku: makaɗa da yarjejeniya

Ku fara da ƙaramar ƙungiya. Mutum uku, wato piyano ko jita, da babban bes mai tsayuwa, da ganguna, sun ishe ku. In aka ƙara mai busa saksofon ko tarampet, sun zama huɗu, kuma nan ne iyakar yawancin ƙananan ɗakuna. Ku je ku saurare su a inda suke bugawa kafin ku gayyace su. Abin da za ku duba bai tsaya ga gwaninta ba: shin suna iya sassauta sauti, kuma mai ganga yana iya bugawa da burushi maimakon sanda?

Ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce. Ta bayyana cewa sun amince a watsa kai tsaye, ko za a maimaita, ko za a ɗora a intanet, da kuma wanda ya mallaki abin da aka naɗa. Su ma a ba su kwafin sautin. Batun haƙƙin mallaka kuwa hawa biyu ne: akwai haƙƙin wanda ya buga, akwai na wanda ya tsara sautin tun asali. Yawancin fitattun sautukan jaz har yanzu suna da masu su, don haka ku duba lasisin da tasharku ke da shi da hukumar karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa ta ƙasarku. Lasisin watsawa ta iska sau da yawa ba ya rufe ajiye shiri a intanet don a sauke. Mafita mai sauƙi ita ce ku roƙi makaɗan su kawo nasu na kansu, wanda hakan ya fi yi musu amfani. In tasha ba ta da abin biya, aƙalla ta ɗauki nauyin zuwansu da komawarsu, ta ambaci sunan kowa da abin da yake bugawa, ta sanar da inda za a je a gan su.

Mataki na huɗu: shirya ɗaki da makirufo

Ku tsaya a tsakiyar ɗakin ku tafa sau ɗaya. In kun ji tafin yana karkarwa tsakanin bango da bango, ɗakin na buƙatar labule masu kauri, darduma a ƙasa, da barguna a rataye. Ku kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki ku saurari abin da ya rage. Na taɓa rasa kyakkyawan kiɗa na minti bakwai saboda gurnanin wani firji da ke bayan bango, wanda babu wanda ya lura da shi sai da muka saurari abin da aka naɗa. Tun daga ranar nake fara kowane shiri da minti guda na shiru, hedifon a kunne.

Ganguna su je kusurwar da ta fi nisa da bes da piyano, a shimfiɗa musu darduma. Amma ku tabbatar kowa yana ganin kowa. Jaz zance ne tsakanin makaɗa, da ido da gyaɗa kai suke gaya wa juna wanda zai karɓa. In kuka raba su da katanga, kun yanke musu hira.

Makirufo iri biyu za ku fi haɗuwa da su. Akwai dainamik, mai juriya, wanda ya dace da ƙaho da murya. Akwai kondensa, mai kaifin ji, wanda ke buƙatar wutar bolt 48 daga na'urar haɗa sauti. Ku sauke duk maɓallan ƙara kafin ku kunna ko ku kashe wannan wuta, don kada ta yi ƙarar da za ta lalata lasifika. Ga saksofon, ku ajiye makirufo tazarar kamar santimita 20 zuwa 30, yana duban tsakanin bakin ƙahon da maɓallansa, domin sautin daga jikin abin gaba ɗaya yake fita. Tarampet ya fi ƙarfi, sai a ja baya a kuma karkata gefe kaɗan. Bes yana son makirufo kusa da ramin jikinsa ko gadar da igiyoyin suka hau. Ganguna kuwa, makirufo biyu a sama da ɗaya a gaban babbar gangar ƙafa sun wadatar. A jaz ba a bin kowace ganga da nata. Piyano na katako a buɗe murfinsa a sa biyu a kan igiyoyi, na lantarki kuma a jona shi kai tsaye da waya.

Akwai tsohuwar ƙa'idar uku da ɗaya: tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka tazarar kowannensu da abin kiɗansa sau uku. In saksofon na da nasa a santimita 30, to na kusa da shi ya kasance aƙalla santimita 90 daga nan. Wannan na rage cin karon sauti da ke sa kiɗa ya fito kamar daga cikin gwangwani. Ku yi amfani da wayoyin makirufo masu baki mai ƙafa uku da ake kira XLR, ku nisanta su da wayoyin wuta, ku kuma jona dukkan na'urorin sauti a layin wuta guda don kauce wa gurnani.

Mataki na biyar: gwajin sauti

Makaɗa su iso awa biyu kafin lokaci. A gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya buga mafi ƙarfin abin da zai buga a shirin, domin makaɗi yakan yi sanyi a gwaji ya zafafa a gaban jama'a. A na'urar zamani, ku saita yadda ƙololuwar sauti za ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili. Wannan sarari shi ne zai karɓi bugun da ba ku zata ba. Sautin da ya tsage a kan iska ba ya gyaruwa.

Daɗin jaz yana cikin bambancin raɗa da tsawa, amma na'urar matse sauti da ke gaban turken watsawa takan daidaita komai ya zama shimfiɗaɗɗe. Ku yi magana da injiniyan tasha ko zai ɗan sassauta ta a lokacin shirin. Sannan ku daidaita muryar mai gabatarwa da kiɗan, kada mai sauraro ya riƙa ƙarawa yana ragewa.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Ku haɗe sautin hagu da dama ya zama guda, ku saurare shi ta ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya ko ta wayar hannu, domin haka yawancin mutane za su ji ku. In piyano ya dushe, to makirufonsa biyu na cin karo. Ku matsar da ɗaya. In bes ya ɓace, ku ɗan ɗaga tsakiyar sautinsa, inda ake jin yatsa na taɓa igiya. A cikin ɗakin kuwa, lasifika a kashe muddin makirufo na buɗe, kowa ya dogara da hedifon.

Mataki na shida: yadda za a sa kiɗan da ake ƙirƙira nan take ya bi agogo

Wannan shi ne abin da ke tsorata furodusoshi, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Makaɗan jaz suna buga uwar sautin, wato asalin karin da aka tsara, a farko, sai kowa ya yi ƙirƙirarsa a kan ginshiƙinta zagaye bayan zagaye, sannan a dawo kanta a rufe. Tsawon zagaye ba ya canzawa. Sautuka da yawa suna da gaɓa 32, kowace gaɓa bugu huɗu, jimilla bugu 128. In ana tafiya da saurin bugu 120 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 64 ne. Ke nan minti biyar da 'yan kai zagaye biyar ne: uwa a farko, uku na ƙirƙira, uwa a ƙarshe. Salon bulus mai gaɓa 12 kuwa bugu 48 ne, daƙiƙa 24 a wannan saurin.

Saboda haka kada ku ce wa shugaban makaɗa ya yi minti shida, domin ba ya kallon agogo yana busa. Ku zauna tare ku ƙirga zagaye, ku rubuta a takardarsa. Sannan ku yarda da alamun hannu guda uku kacal: yatsa ɗaya a sama, saura zagaye ɗaya; tafin hannu a kan kai, a koma uwar sauti; hannu na juyawa, a ci gaba don akwai lokaci. Furodusa ya tsaya inda shugaban zai gan shi ba tare da ya waiga ba. Kada a taɓa janye kiɗan kai tsaye a hankali kamar faifai sai in babu makawa, domin wulaƙanci ne ga wanda ke tsakiyar maganarsa.

Mataki na bakwai: a kan iska

Ku karanta wa makaɗa kanun labaran kafin a fara. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, a nan kuwa labarin ne ke jan kiɗan. Bayan rahoton ambaliyar da ta ci rayuka, sauti mai tsalle-tsalle zai yi kama da rashin tausayi. A bar daƙiƙa biyu na shiru, piyano ya shigo shi kaɗai a hankali. Bayan labarin nasara, a saki ganguna. Kada a sa kiɗa a ƙarƙashin muryar wanda ke ba da labarin asararsa. Muryarsa ta isa.

Ku tanadi abin ko-ta-kwana: sautin ƙungiyar da kuka naɗa a lokacin gwaji, a shirye a kwamfuta, da labari guda na ƙari a hannun mai gabatarwa. In igiyar bes ta tsinke ko wayar baƙo ta katse, ku faɗa wa masu sauraro gaskiyar abin da ya faru ku wuce. Duk wayoyin hannu da ke ɗakin a kashe su gaba ɗaya.

In kuna neman ranar ƙaddamarwa, ƙarshen Afrilu ya dace ƙwarai. Ranar 22 ga wata ce Ranar Duniya, wato ranar tunawa da kare doron ƙasa, wadda aka fara a 1970, ranar 30 kuma Ranar Jaz ta Duniya, wadda UNESCO ta ayyana a 2011 bisa jagorancin makaɗin piyano Herbie Hancock. Sauran ranakun da za su ba ku jigo sun haɗa da 13 ga Fabrairu ta rediyo, 22 ga Maris ta ruwa, 5 ga Yuni ta muhalli, da 17 ga Yuni ta yaƙi da kwararowar hamada da fari.

Mataki na takwas: bayan an rufe makirufo

Ku naɗi shirin a wuri biyu, ɗaya daga na'urar haɗa sauti, ɗaya daga abin da ya fita ta iska. Manhajar naɗar sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aiki. Ku sa wa kowane fayil kwanan wata da sunayen makaɗa, ku ajiye rubutun labaran tare da jerin inda kuka samo kowace lamba, domin ranar da aka ƙalubalance ku takardar ce za ta yi magana.

Washegari ku zauna ku saurari shirin daga farko har ƙarshe, kowa da biro. In an yi kuskure a labari, ku gyara shi a farkon shiri na gaba da irin muryar da aka faɗe shi. Ku buɗe littafi na musamman don alƙawuran da jami'ai da kamfanoni suka ɗauka a bakin makirufonku: wanda ya ce za a kwashe shara cikin mako biyu, wanda ya ce za a auna ruwan rijiya kafin ƙarshen wata. Ku rubuta ranar da wa'adin zai cika a gefen kowane alƙawari, in ta zo ku aika wakili ya duba, ku sa abin da ya gano a cikin mintuna shida na farko.